Kaska da Abin da Ta Ɓoye: Tarihin Gane Cutar Dabbobi a Ƙasar Wurno, Raba da Goronyo

Duk wanda ya taɓa kwana a ruga a tsakiyar damina, ko a fadamun Rima da ke shimfiɗe ƙarƙashin tudun Wurno, ko a bakin gulbin da ya ratsa ƙasar Raba, ko kuwa can gaba wajen Goronyo, ya san cewa da hantsi, bayan an gama tatsa, kafin a kora garke zuwa kiwo, akwai wani ɗan aiki wanda makiyayi na ƙwarai ba ya wasa da shi, shi ne cire kaska. Sai ka ga an yi wa saniya dabaibayi, ko ma an kayar da ita in mai gardama ce, wani ya riƙe ƙaho, wani ya durƙusa yana laluben hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya, yana tsinko waɗannan 'yan halittu ɗaya bayan ɗaya yana jefa su cikin garwashi suna fashewa. Carki ma, da ke lilo a wuyan bijimi, aikin nan yake yi, sai dai shi ladansa a cikinsa yake. Aiki ne tsoho wanda ɗa ya gada wurin uba, kuma nufina a nan in bi tarihinsa, in nuna yadda mutane suka tashi daga ganin kaska da ido har suka kai ga leƙa abin da ke cikin cikinta, da kuma inda nake ganin tafiyar ta tsaya.

Bahaushe ya daɗe da sanin halin kaska, shi ya sa ya yi mata kirari da raɓi mai jini, yana zambo ga mutumin da ba ya abota sai da mai abin hannu, ya kuma ce za ta mutu da haushin kifi, tun da ba ta da hanyar isa gare shi cikin ruwa. Malamai kuwa sun san ta da sunanta na Larabci, wato ƙurad, har ta shiga cikin mas'alolin fiƙihu. Gama a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda almajirai ke biyawa a zaurukan Sakkwato tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an ruwaito cewa an ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana cire wa raƙuminsa kaska alhali yana cikin harami, sa'an nan aka ruwaito cewa ɗansa Abdullahi ya karhanta hakan ga mai harami, Malik kuwa ya karkata ga ra'ayin ɗan. Haka nan malaman Hadisi sun kiyaye hanin da aka yi na kada mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su mashaya ɗaya da masu lafiya. Ashe ke nan an san kaska, an kuma san cewa cuta takan ƙetara daga dabba zuwa dabba da ikon Allah. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan sani biyu wuri guda, a ce kaskar nan ita ce 'yar aiken da ke kai saƙon, wannan kuwa bai samu ba a duniya duka sai a ƙarshen ƙarni na 19.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa Wurno ta zama ribaɗi wajen 1830, ya zauna cikinta har Allah ya karɓi ransa a 1837, hubbarensa kuma yana can har yau, mutum ne mai son ilmin ɗibbu, ya yi wallafe-wallafe a kan magunguna, har da ciwon basir da amfanin filasko. Amma abin da ya fi shafar zancenmu shi ne siyasarsa game da makiyaya, domin ya yi ƙoƙarin zaunar da Fulani a cikin garuruwan ribaɗi, a koya musu noma, 'ya'yansu su yi karatu, su rage yawan shanu, su ƙarfafa kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Manufarsa tsaron iyaka da gyaran addini, amma zama wuri ɗaya yana da nasa haraji wanda ba sarki ke karɓa ba. Macen kaska idan ta sha jini ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta zuba ƙwai dubbai, wata har su haura dubu goma, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su hau ciyawa su yi ta jira. Garken da ke tashi kullum yakan bar su a baya yunwa ta kashe da yawansu, amma garken da ke komowa turke ɗaya da mashaya ɗaya shekara da shekaru, shi ke kai musu abinci har gida. Saboda haka ina ganin duk inda aka yi ganuwa aka tara dabbobi a gindinta, an ƙara wa hannun makiyayi aiki.

Shi kuwa hannun nan ba a makance yake aiki ba. Masu binciken da suka zauna da Fulani a tudun Filato sun rubuta cewa makiyaya kan cire kaska kamar sau uku a mako da damina, sau biyu da rani, kuma ba kowace suke damuwa da ita ba: babbar nan mai zanen ado a gadon baya, mai dogon baki, wadda suke kira koti, ita suke farauta, ƙananan kuwa, waɗanda suke kira miri, sukan ƙyale su. Kotin nan ita ce malaman zamani suka raɗa wa suna Amblyomma variegatum, kuma da aka zo aka auna sai aka tarar Bafillace bai yi kuskuren abokin gaba ba, domin ita ce ke lalata kan nono har saniya ta kasa shayar da maraƙi, ita ce ke buɗe wa kirci ƙofa, ita ce kuma ke ɗauke da ƙwayar cutar nan mai tara ruwa a jakar zuciya. A ƙasar Sakkwato, inda rani ke da tsawo, kaskar da ta fi jure zafi da fari ita ce mai ƙafafu rodi-rodi da ake kira Hyalomma, abokiyar raƙumi, koti kuwa ta fi son lokacin ruwa da wuraren da ke riƙe laima.

Bayan makiyayi, masu sani na biyu su ne Rundawa, domin mahauci ne kaɗai ke ganin cikin dabba kowace safiya. Shi ke ganin saifa ta kumbura, matsarmama ta cika ta yi kauri, nama ya yi fari-fari ko ɗorawa-ɗorawa kamar na mai shawara, jini ya tsinke ya zama kamar ruwa. Shi ke farka ƙirjin tunkiyar da aka yi gaggawar yankawa don kada ta zama mushe, ya tarar ruwa ya kewaye zuciya. Sunayen cututtukan dabbobi da muka gada, su saifa, su hanta, su huhu, yawancinsu sunayen gaɓoɓi ne, wato an kira cuta da inda aka ga ɓarnarta. Wannan hikima ce gwargwadon abin da wuƙa ke iya nunawa, sai dai tana da iyaka, gama cututtuka biyu ko uku masu asali dabam-dabam suna iya kumbura saifa ɗaya.

A Amurka ne, a 1893, Theobald Smith da abokin aikinsa Kilborne suka tabbatar da cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin nan mai sa shanu fitsarin jini, shi ne kuwa karo na farko da aka kama ƙwaro irin wannan dumu-dumu da laifin ɗaukar cuta. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A Afirka ta Kudu, a 1900, Lounsbury ya nuna cewa wata 'yar'uwar koti ce ke kawo ciwon ruwan zuciya. A 1910 Arnold Theiler ya ga wani ɗan ɗigo a gefen jajayen ƙwayoyin jinin shanu masu shawara, ya kira shi Anaplasma marginale. A 1925 Cowdry ya ga ƙwayar ciwon ruwan zuciya da kanta a cikin ƙananan jijiyoyin jini. Kayan aikin waɗannan biyu na ƙarshe ba su wuce madubin likita da ɗan gilashi da wani shuɗin rini da Giemsa ya haɗa a farkon ƙarnin ba. A ɗiga jini a kan gilashi, a shafa shi ya yi siriri, ya bushe, a rina, sa'an nan mutum ya sunkuya yana dubawa har wuya ya ƙage. Ciwon ruwan zuciya kuwa ya fi wuyar sha'ani, domin ƙwayarsa ba ta bayyana a irin wannan shafin jini, sai dabba ta mutu a fasa kai, a ɗebi ɗan ƙwaƙwalwa a murje tsakanin gilashi biyu, a can ake ganin ta cure-cure kamar ƙwan kwaɗi.

To, ina ƙasarmu take a wannan lokaci? Tana fama da abin da ya fi kaska ban tsoro. Bushiya ta shigo wajen 1890 ta share shanu har masu garke suka wayi gari da sanda kawai, ta kuma yi ta komowa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen likitan dabbobi a Zariya dab da Yaƙin Duniya na Farko, sa'an nan ta mayar da shi Vom a 1924, kusan dukan ƙarfinsa ga bushiya ya tafi, sai ciwon huhu da sammore. Ba abin mamaki ba ne, domin saniya a idon En'e kuɗin jangali ce, hakimi kuwa ƙidayar shanu tana cikin manyan ayyukansa. Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, haifaffen Raba, wanda ya zama hakiminta a 1934, ya san zafin wannan kuɗi, tun da shari'ar da aka yi masa a cikin shekarun 1940, wadda ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi, a kan jangali ce. Cutar da ke kwashe garke a mako guda tana rage baitulmali a fili, don haka aka tura malaman huji ƙauye-ƙauye. Wadda kuwa ke ɗaukar maraƙi ɗaya yau, tunkiya biyu gobe, ta rage nono, ta ɓata fata, ba ta da mai kai ƙararta gaban Razdan.

Duk da haka ba a rasa masu kula ba. A 1952 Unsworth ya wallafa bayanin ire-iren kaskar shanun Nijeriya, musamman na jihar Arewa. A 1956 wani likitan dabbobi da ke aiki a Vom, Walter Plowright, ya rubuta a kan kirci da yadda yake tafiya tare da kaska, ko da yake ƙwayar kirci, wadda aka fara bayyanawa a Kwango a 1915, ba a cikin yawun kaska take zuwa ba, kaskar dai tana raunana fata da garkuwar jiki ne, ruwan sama ya ƙarasa. Plowright ɗin nan shi ne daga baya ya haɗa allurar bushiya a Kenya, wadda da taimakonta, bayan babban gangamin huji da aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, da kuma komowar annobar a 1983, aka sanar da ƙarewar bushiya daga doron ƙasa a 2011. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma, Leeflang da Ilemobade sun tattara tarihin cututtukan kaska na Arewa tun daga 1923, suka buga a 1977, kuma Ilemobade ya yi suna a kan ciwon ruwan zuciya. Sakkwato kanta ba ta sami makarantar likitan dabbobi ba sai a cikin shekarun 1980, a jami'ar da yanzu ke ɗauke da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

A daidai wannan zamani ne fuskar kwarin Rima ta sake. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka buɗe ta a 1992, tana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900, kuma fadamun da dā shanu ke sauka cikinsu da rani suka koma gonakin shinkafa da albasa da tafarnuwa. Alheri ne babba ga manomi, ba mai musun wannan. Amma makiyayi ya matsu, burtali ya ƙuntata, dabbobi suka cunkushe a 'yan wuraren da suka saura, bakin magudanan ruwa kuwa, inda ciyawa ke zama ɗanya har cikin bazara, ya zama masauki ga abin da dā zafin rana ke ƙonewa. Ga kuma kasuwanni irin su Acida da Illela, inda Gudali da Rahaji da raƙuman Azbin da jajayen awaki ke gogayya da juna kafin a loda su mota, kowace dabba da baƙin da ta ɗauko a jikinta. Kaska ba ta da fiffike, amma ba ta rasa abin hawa: kotinmu ta ƙetare teku tun ƙarni na 19 a jikin shanun da aka kai tsibirin Gwadaluf daga Sanigal, har mutanen can suna kiran ta kaskar Sanigal, wata kuma mai taurin kai ga magani, 'yar asalin Asiya, ta iso Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka sayo daga Barazil, aka fara ganin ta a Kwaddibuwa a 2007.

Dabarar da ta sauya binciken duka ita ce wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, wadda ake taƙaita sunanta da PCR. Kowace halitta tana da nata rubutun gado a cikin ƙwayoyinta, wanda ba ya zama daidai da na wata. Sai a cire kaska a jefa cikin kwalbar sifirit, a kai ɗakin gwaje-gwaje, a niƙa, a tace wannan sinadarin gado, a sa cikin wata na'ura mai ɗumama shi da sanyaya shi bi da bi, kowane zagaye ɗan guntun da ake nema ya ninku biyu. Mai lissafi kuwa ya san cewa abu ɗaya idan aka ninka shi sau 30 ya haura miliyan 1,000. Da haka abin da ido ba ya gani ko da madubi ya zama abin karantawa, ba tare da an jira dabba ta mutu ba. Da wannan hanya aka binciki jinin raƙuma a Sakkwato, aka buga a 2016 cewa an sami alamar wata ƙwaya da dā aka fi sanin ta a jikin karnuka. A 2020 kuma aka buga wani bincike a kan raƙuman Kano da Jigawa da Sakkwato da kaskar da ke jikinsu. Da wannan hanya kuma aka gane cewa koti a Afirka ta Yamma takan ɗauki wata ƙwaya, Rickettsia africae, wadda ke sa mutum zazzaɓi da ciwon kai da baƙin tabo a wurin cizo. Akwai kuma ƙwayar zazzaɓin Q, wanda aka fara lura da shi a 1935 tsakanin mahautan birnin Birisben na Ostireliya, mai sa awaki da tumaki ɓari, wanda ake samu a kaska amma ya fi kama mutum ta ƙurar garke da mahaifar dabba da ɗanyen nono. Mai karatu ya tuna yawan zazzaɓin da ake yi wa hukuncin cizon sauro a ƙauyukanmu ba tare da awo ba, ya yi wa kansa hisabi.

A nan ne nake so in ja hankalin masu ɗokin sabon ilmi, domin samun alamar ƙwayar cuta a cikin kaska, ko ma a cikin jinin saniya, bai zama hujjar cewa saniyar ba ta da lafiya ba. Maraƙin Gudali da aka haifa a kwarin nan, wanda ya sha dakashin uwarsa, kaska kaɗan ta cije shi tun yana ƙarami, yakan kamu da sauƙi ya warke, ya tashi da garkuwa, ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar a jininsa yana kiwo lafiya lau. Wanda ke faɗuwa shi ne baƙo: saniyar Turai da mai kuɗi ya sayo don madara, ko ragon da aka kawo daga busasshiyar ƙasa inda babu koti, ko kuwa dabbar gida wadda yunwar bazara da doguwar tafiya suka karya. Idan haka ne, tsohuwar al'adar nan ta cire babba a bar ƙanana, wadda ba ta taɓa share kaska ƙaf ba, ta yi wa garke rigakafi alhali mai yin ta bai san sunan abin da yake yi ba. Wanda kuwa ya dage da feshi har ya raba maruƙansa da kaska baki ɗaya, sa'an nan kuɗi suka yanke ya daina, ya bar garkensa tsirara. Ban ce a bar magani ba, hasha. Na ce a san gwargwado da lokaci.

Abin baƙin ciki shi ne sanin nan bai komo ruga ba. Kaskar da aka cire a mayankar Sakkwato takan yi tafiya zuwa Vom ko Ibadan, wani lokaci har Turai, sakamakon ya fito da Ingilishi a mujallar da makiyayi ba zai taɓa gani ba, shi kuwa yana nan ranar kasuwa gaban mai tebur yana sayen allurar da suke kira ele da ruwan feshi, yana auna su da murfin kwalba, wani ma ya shafa baƙin mai ko maganin ƙwarin gona a jikin dabbar da za a tatsa gobe. Kowane ciwo allura ɗaya, ko na bakteriya ne da take ji, ko na fitsarin jini ne da ke bukatar wani magani dabam. Sa'an nan ga rashin tsaro da ya addabi gabashin Sakkwato, wanda harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ya isa misali, ya sa malamin dabbobi ba ya iya shiga rugagen da suka fi bukatarsa, mai bincike kuma ya tsaya a mayankar birni inda ya fi samun kwanciyar hankali.

Ba na roƙon a kafa na'urar ninka sinadarin gado a kowace gunduma, wannan sai a hankali. Madubin likita ɗaya mai aiki, da rini, da gilashi, da malamin da ya iya dubawa, a asibitin dabbobi na Wurno da na Raba da na Goronyo, sun isa su raba cututtukan da mahauci ke haɗawa a suna ɗaya, kuma kayan aiki ne da suka haura shekara ɗari a duniya. Malaman jami'armu kuma, in sun gama bincike, su faɗi abin da suka samu da Hausa da Fillanci a gidan rediyon Rima. Kai kuma ɗan'uwa mai kiwo, dabbar da ta faɗi matacciya farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, kada ka feɗe ta, ka kira malamin dabbobi; wadda kuwa ka ga tana zazzaɓi, tana ɗaga ƙafa sama-sama, tana kewaya wuri ɗaya, tana taunar iska, har ta kai ka yanka ta, to, kafin a babbake kan a kai tukunya, ka bari ya ɗebi ɗan ƙwaƙwalwa tun da ɗanyenta, ka kuma haɗa masa da kaskar da ka cire a jikinta.